Idon Kudu

Iya Tasalla ba ta da dama, ba ta da hagu. Ku da kuka zauna da ita a Aujara kun san ba sharri nake mata ba, kakata ce, kuma ni na fi kowa shan wahalar abin. Hannu biyu gare ta kamar kowa, amma ban taɓa jin kalmomin nan sun fito daga bakinta ba. In ta aike ka ɗaki, ludayin yana yamma da tukunya. In kana cin tuwo, miya ta ɓata maka kumatun arewa. Ko bayanta ne yake ƙaiƙayi, za ta ce ka sosa, yi kudu kaɗan, kai ka wuce, dawo arewa, wai kai wane irin yaro ne. Akwai ranar da na goyo ta a babur daga kasuwar Jahun, ina ɗan sakandare, ta hango rami ta ce in bi ta gabas da shi. Kafin in gama lissafi muna cikin ramin, ni da ita da ƙullin daddawarta. Da muka miƙe ba ta tambaye ni ko na ji ciwo ba. Ta kakkaɓe zanenta ta ce ita dai ta faɗa.

Ni kuwa ɗan birni ne, a Dutse na tashi, sai an yi hutu ake kai ni wajenta. Har gobe in na sauka a baƙon wuri waya ce take nuna min alƙibla, don Allah kada maganar ta fita. Amma tun ina ƙarami na samo dabara. Iya kullum a bakin ƙofar ɗakinta take zama, a kan tabarma, fuskarta gabas. Sai na lura in ta ce kudu damanta take nufi, in ta ce arewa hagunta. Na haddace wannan na adana, ina ganin duk jikokinta babu mai wayona.

Har idanunta haka ta raba su, akwai idon kudu akwai idon arewa. Na arewa ya daɗe da mutuwa. Wani mutum ne mai bin kasuwanni da allura ya ce zai kawar mata da yanar da ta rufe shi. Ya soka, ta gani na 'yan kwanaki, daga nan ciwo ya taso, ido ya tafi bai dawo ba. In an yi mata jaje sai ta ce ai murabus ya yi, ya bar wa ɗan'uwansa mulki. To ɗan'uwan nan, idon kudu, shi kaɗai ya rage mata a duniya, kuma ina makarantar koyon aikin lafiya shi ma ya fara yin fari.

Da na gama karatun, Allah ya taimake ni na samu aiki a sashen ido na wani asibiti a nan Dutse. Bari in faɗa muku aikin, don har yau wasunku ba su sani ba. Ni ne mai kiran suna. Ni ne mai zaunar da mutum in nuna masa allo in ce me ka gani. Ni ne mai ɗiga magani, mai awon ido da na'ura, mai goge na'urar in an gama, mai cire bandeji. Likita ita ce mai fiɗa, Sista Rakiya babbar nas ɗinmu ita ce mai faɗa, ni kuma ni ake wa faɗan. Amma an ba ni farar riga da wata 'yar tocila siririya kamar biro, kuma wallahi ranar da na fara saka rigar nan babu kusurwar da ban ɗauki hoto ba.

Labari ya isa Aujara kafin ni. Iya ba ta faɗin sunana, don sunan mijinta aka saka min, Maigida take ce min. Sai ta bi gida-gida da sandarta tana shelar Maigida ya zama likitan ido. Ranar Asabar ɗin da na je gaishe ta, na tarar da tsakar gida cike da tsofaffi, kowacce ta riƙe idonta tana jira na. Na buɗe baki zan gyara zancen, sai wata ta ce sannu da zuwa Likita. Kai, kalmar nan akwai daɗi a kunne! Na rufe bakina, na ciro riga daga jaka, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina haskawa ina gyaɗa kai ina cewa su zo asibiti ranar Litinin. Can sai ga Malam Audu maƙwabci ya jawo jakinsa, wai idonsa yana ruwa. Kuna zaton na ƙi? Shi ma na haska shi, na yi gyaran murya, na ce a wanke da ruwa mai tsabta a kore masa ƙuda. Jaki ya warke don kansa, sunana ya kai har Jahun.

A wannan zuwan ne dariya ta fara maƙale min. Na wanke rigar na shanya a igiya na tafi sallar la'asar. Ina dawowa na tarar da Iya tsaye a gaban rigar tana zuba mata faɗa. Wai ta rame, wai ba ta cin abinci, wai sa'anninta duk sun yi aure, kuma ana magana ta tsaya ƙerere kamar ba da ita ake ba. Na yi sallama daga bayanta. Ko gezau ba ta yi ba.

Ta ce, "Na gani sarai. Rigar nake wa faɗa, ita ce ta sa maka girman kai."

Haka take, ba a kama ta. In ta gaida turmi, ta ce gaisuwa ba ta da laifi. In ta zuba sukari a miya, ta ce sabon salo ne. Yara suka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma igiyar nan ko taku biyu ba ta kai ba daga inda take tsaye, kuma rana ba ta ko faɗi ba.

Maganar asibiti kuwa ta ce ba da ita ba, lafiyarta lau. Na roƙa, na yi fushi, na turo Kawu, duk a banza. Da na rasa yadda zan yi sai na ce to ta zo ta ga ofis ɗina. Nan take ta yarda, wai dama tana so ta ga ko an ba ni kujera mai juyawa. Ta ƙullo ƙuli-ƙuli ta ce in raba wa yarana na wajen aiki don su riƙa yi min biyayya. Ni da hannuna na miƙa wa Sista Rakiya ƙullin nan, ban dai isar da saƙon ba.

Da hantsi muka sauka daga adaidaita. Na zaunar da ita a kujerar gwaji, ga marasa lafiya jere a benci a bakin ƙofa suna kallon likitan Aujara. Allon da muke nuna wa waɗanda ba su yi boko ba alama ɗaya ce a jikinsa, mai haƙora uku kamar manjagara, ana jujjuya ta, mutum ya faɗi inda haƙoran suka kalla. Na nuna mafi girma na tambaye ta. Ta ce ta gani, ba ta ga damar faɗa ba ne. Na matso na ɗaga yatsu a gaban hancinta na ce nawa ne. Ta ce yatsuna ne, in ni ban san yawansu ba ita ce za ta sani? Benci ya kwashe da dariya, ni kuwa gumi ya fara tsattsafo min.

In yana ta rufe ido ruf haka, gwaji ɗaya ne ya rage. A kashe fitila, a haska tocila ta gefe-gefe, mutum ya faɗi inda hasken ya fito. In ya faɗa daidai, can cikin idon yana da rai, aiki zai yi amfani. In ya kasa, ko an cire yanar da wuya ya gani. Na haddace wannan a makaranta, na ci shi a jarrabawa, amma ban taɓa yin sa ni kaɗai ba sai ranar, kuma a kan idon Iya.

Na haska daga sama, ta ce sama. Na haska daga ƙasa, ta ce ƙasa. Na ji sanyi a raina. Na koma damanta na haska.

Ta ce, "Arewa."

Na ce ta dai nutsu. Na sake haskawa, ta ce arewa ta ce, ko kunnena ma a duba shi. Na koma hagunta, ta ce kudu. Dama ai kudu ce, tun ina cin ƙasa na san haka. Na maimaita, na sake maimaitawa, kullum a juye take faɗa. Na ce shi ke nan, idon kudu ya bi na arewa, Iya ta makance a hannuna. Na fita na samu Sista tana jera kayan aiki, na kwaso duk turancin makaranta na zuba mata, hanci yana yoyo.

Sista ta ajiye kayan. Ta karɓi tocilar ta shiga, ta gaida Iya, ta haska ta dama. Iya ta ce arewa. Sista ta ce daidai. Ta haska ta hagu, Iya ta ce kudu, Sista ta ce daidai. Sannan ta kunna fitila ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambaye ni ina kujerar nan take kallo. Na ce allo take kallo. Wani dattijo a benci, ido ɗaya a ɗaure da bandeji, ya ce, "Yamma, yaro."

Wata na nawa ina aiki a ɗakin nan, ban taɓa sanin yana da yamma ba. Ita kuwa Iya, da ko hancina ba ta gani, ta ce tun da muka sauka rana take dukan ƙeyarta kuma ba mu karya kwana ba, to ina ake so ta kalla? Na ce amma ai idon dama shi take ce wa idon kudu.

Ta ce, "Ina kallon gabas aka raɗa masa suna. Don na juya sai kudu ta biyo ni? Wai kai duk shekarun nan me kake ji in na yi magana?"

Daga ranar Sista ta raɗa min Malam Arewa. Har masu shara da shi suke kira na, kuma ina amsawa, don ban taɓa jin daɗin zama wawa irin na ranar ba. Idon yana da rai.

Likita ta duba ta, ta ce yanar ta nuna har ta so ta wuce, in aka bar ta za ta iya tayar da ciwon da zai kashe idon gaba ɗaya, don haka a yi aiki cikin makon. Iya ta saurara tsaf, sannan ta juyo inda take jin numfashina ta tambaya wace ce wannan yarinyar. Ta ce a yi mata godiya, amma ita tana da likitanta na gida, babu mai taɓa mata ido sai Maigida. Likita ta dube ni. Sista ta dube ni. Na ji farar rigar nan ta yi min nauyi kamar bargon da aka jiƙa.

Na ja ta waje, muka zauna a baranda. Na ce, "Iya, ni fa ba likita ba ne."

Ta ce to mene ne ni. Na lissafa mata, kiran suna, allo, ɗiga magani, awo. Ta juya carbi, ta ce wato mai riƙe tocila. Na ce e. Ta ce duk karatun nan. Na ce e. Ta ce ita ma tocilar sai da Sista ta gyara min riƙo. Sannan ta tambaye ni, tsakanina da Allah, jakin Malam Audu a hannun wa ya warke, don ita ba ta san da wane baki za ta koma Aujara ba.

Na zaci an gama, sai ta rage murya. Ta ce mai allurar nan ma haka ya ce, ƙaramin aiki ne, yanzu-yanzu za a gama. Ta ce ita mutuwa ba ta dame ta ba, abin da ba ta so shi ne a riƙa jan ta da sanda zuwa banɗaki, jikoki suna ture wa juna. Yanzu ko babu komai tana gane rana da inuwa, in aka taɓa wannan ma ya tafi fa?

Ta ce, "Tsoro nake ji, Maigida."

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba, ko a labari. Na ce mata ni ma tsoron nake ji. Na ce ban iya fiɗa ba, kuma ba zan yi mata alkawarin abin da yake hannun Allah ba. Amma abu ɗaya na sani, duk wanda matar nan ta yi wa aiki, washegari ni nake cire masa bandeji, ni nake fara ganin fuskarsa in ya buɗe ido, kuma da ban ga abin da na gani ba da ban kawo ta ba. Daga baya ta ce to, amma sai in ina tsaye riƙe da hannunta har a gama, kuma kada in sake in kawo tocilar nan kusa da ita.

Ranar aiki muka shiga da ita ɗakin tiyata, an sa mata hula da riga. Ta shafa gadon, ta tambaya ina kai yake. Wannan karon na shirya, tun da safe na shigo da waya na auna ɗakin kaf. Na ce kudu, da ƙarfina, ina jiran yabo. Ai kuwa sai ta ja da baya.

Ta ce, "Kai kudu? Saura ku juya min fuska gabas ku kira liman. Ba mai yi min kwanciyar kabari da raina."

Na yi lallashi, Sista ta yi, Iya ta kama ƙarfen ƙofa ta riƙe. Likita tana tsaye da safar hannu, kafaɗunta suna rawa don dariya, ta ce a juya gadon. Ni da Sista muka juya gado, muka ja na'ura, muka sake jera komai, tana ce min ƙasa-ƙasa tun kafin a yaye ni take aikin nan, ba wanda ya taɓa sa ta juya gado sai dangin Malam Arewa. Aka kwantar da Iya, aka rufe fuskarta da ƙyalle, ta damƙe hannuna har yatsuna suka daina ji. Na leƙa in ga abin da ake yi, don in ƙaru. Ban san lokacin da ɗakin ya fara juyawa ba, sai ji na yi Sista ta turo min kujera da ƙafa. Daga ƙarƙashin ƙyalle muryar Iya ta fito, wai Likita in ta gama ta duba mata yaron nan, hannunsa ya yi sanyi.

Sauran kun sani. Ido ya buɗe, kuma Aujara ta shiga uku. Ta ga yanar gizo a ɗakin kowa, ta ga tsakuwa a wake, ta ga wanda ya rame da wanda ya yi ƙiba da abincin wa. Matan gida har cewa suka yi in zo in mayar da yanar, ko rabi ne. Maganar likita kuma ta warware ta da kanta. Ta ce wa mutane Maigida ba likita ba ne, ya wuce nan. Likita rufe ido take yi da bandeji ta tafi abinta, Maigida shi ne mai buɗewa. Damina da dama ta yi tana zura zare a allura da kanta, kuma har ta koma ga Allah bara babu wanda ya ja ta zuwa ko'ina.

Amma akwai abin da ba ku sani ba, don ta ce in na faɗa tana raye sai ta ci mutuncina a gaban Sista.

Washegarin aiki da safe, cire bandeji ya zo, kuma wannan ba na Likita ba ne, ba na Sista ba, nawa ne. Na wanke hannu, na durƙusa a gabanta, na ɗaye filasta a hankali, na goge gefen idon da auduga. Rabonta da ganin fuskata sosai tun ban fara gemu ba, don haka na shirya jin zagi, na san ko hancina ne ko ramata. Na ce ta buɗe. Ta buɗe, ta ƙifta, ruwa ya gangaro. Ta dube ni, ta ci gaba da dubana, har na fara tsoron ko ba ta gani. Sai ta ce, a hankali,

"Sulaimanu."

Sunan babana ne. Shi ne ɗan farinta, ya rasu ina firamare. Kun san Iya da kunyar ɗan fari, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, yaron nan take cewa, ko wancan. Ko ranar da aka fita da shi, an ce ɗaki ta shiga ta rufe, ba wanda ya ga hawayenta. Ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba, shi ma bai taɓa ji ba. Na durƙusa a nan da auduga a hannu na kasa motsi, ina kuka kamar yaron goye, ga mutane a layi suna jira in cire musu nasu. Ta ɗago hannu ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa. Sannan ta ja mayafinta ta gyara, ta ce shi dai gemunsa ya fi wannan cika, in tashi in yi aikina mutane suna jira.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Ya haɗa ta da ɗanta a inda uwa ba ta jin nauyin ɗan fari, ta kira sunansa son ranta, shi kuma ya amsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.